Babi na Huɗu: Ƙwayoyin da Aka Keɓe Domin Zuriya

Jikin baligi yana ɗauke da ƙwayoyin halitta sama da tiriliyan 30, kala-kala fiye da 200: na jini, na fata, na ƙashi, na ƙwaƙwalwa da sauransu. Duk cikarsu da batsewarsu, ranar da mai jikin ya cika su ma nasu ya ƙare, da yawa ma sun riga shi tafiya. 'Yan kaɗan ne ke tsallake wannan hukunci, wato ƙwan mace da ƙwayar maniyyin namiji, waɗanda za mu riƙa kira ƙwayoyin iri. Ta hanyarsu ne dattijo mai shekara 60 yake haihuwa, jaririn kuma ya zo ba furfura ba ciwon gwiwa, ya soma lissafin shekarunsa daga farko. Abin tambaya shi ne, me ƙwayar iri ta mallaka wanda ƙwayar fata ba ta da shi? Abin da wannan babi zai kafa hujja a kai shi ne cewa a rubutun gado ba a fifita ta da komai ba. Darajarta ta samu ne daga keɓewa: tun tayi bai kai ƙwayar gero ba aka ware ta, aka hana ta shiga aikin jiki, aka ci gaba da tsaronta.

Sai an riƙe abu guda kafin a fahimci wannan magana. A cikin kusan kowane nau'in ƙwayar halitta akwai dogon zaren DNA, a jikinsa kuma akwai saƙonnin gado kusan 20,000, yawancinsu umarni ne na yadda za a ƙera wani furotin. Ƙwayar hanta da ƙwayar ido duk saƙonni iri ɗaya suke ɗauke da su. Bambancinsu yana wajen buɗewa da rufewa: hanta ta buɗe nata ta rufe na ido, ido ya buɗe nasa ya rufe na hanta. Duk ƙwayar da ta ɗauki sana'a, to ta rufe mafi yawan saƙonninta ke nan, kuma rufewar takan bi 'ya'yanta duk lokacin da ta rabu gida biyu. Manomi ya san makamancin wannan. Damin da ya rataye domin iri da wanda aka sussuke aka kai turmi daga gona ɗaya suka fito, gero ɗaya ne. Abin da ya mai da wancan iri shi ne an ware shi tun ranar girbi, an tsare shi daga ɓera da danshi, an kuma hana kowa taɓa shi ko da yunwa ta matsa.

Ba haka aka fara fahimtar lamarin ba. August Weismann, masanin halittu a Jami'ar Freiburg ta Jamus, ya fitar da littafi a 1892 inda ya raba jiki gida biyu. A ganinsa ƙwayoyin iri ne kaɗai ke riƙe da cikakken abin gado, su kuwa ƙwayoyin jiki kowace an yanka mata rabonta ne kawai, daidai aikinta. Daga nan ya yanke hukuncin cewa abin da ya sami jiki ba ya komawa cikin iri. Don ya nuna haka sai ya riƙa datse wutsiyar ɓeraye har zuriya biyar, aka haifi 'ya'ya sama da 900, babu ko ɗaya da ya zo da guntuwar wutsiya. Hukuncinsa ya tabbata, shi ya sa har yau ake maganar shingen Weismann. Dalilin da ya bayar ne bai tsaya da ƙafarsa ba, domin ƙwayoyin jiki ba su zubar da komai daga abin gadonsu ba, rufewa kawai suka yi.

Ɓera ne ya fi bayyana yadda keɓewar take faruwa, domin cikinsa kusan kwana 20 ne kawai, kuma ana iya bin tayinsa awa bayan awa. A kwana na shida bayan haɗuwar ƙwai da maniyyi, tayin ɓera ɗan ƙoƙo ne na ƙwayoyi 'yan ɗaruruwa, babu wadda aka rubuta wa zama iri. Ƙwayoyin da ke maƙwabtaka da bakin ƙoƙon, waɗanda daga baya za su shiga ginin mabiyiya, sai su fitar da wani sinadari mai suna BMP4. Ƙwayoyin da suka fi kusa, waɗanda sinadarin ya fi jiƙawa, su ne ke karɓar kiran. Zuwa farkon kwana na bakwai sun taru a gefe guda, ba su wuce 40 ba, kuma daga waɗannan ne duk ƙwai ko maniyyin da ɓeran zai yi a rayuwarsa zai fito. A 1996 Patrick Tam da abokiyar aikinsa a Ostireliya suka ɗebo ƙwayoyi daga can ƙasan ƙoƙon, waɗanda a al'ada ƙwaƙwalwa za su zama, suka dasa su a bakin. Wasunsu suka zama iri. Da aka yi akasin haka, na bakin da aka mayar ƙasa ba su zama iri ba. A 1999 kuma aka nuna cewa tayin da aka hana wa BMP4 ba ya samar da ƙwayar iri ko ɗaya. Ashe mazauni ne ya yanke hukunci, ba asali ba.

Abin da ke faruwa a cikin waɗannan ƙwayoyi 40 ya fi komai ƙarfafa hujjar. A 2005 ɗakin binciken Azim Surani a Kambirij, tare da Mitinori Saitou, ya gano saƙon da ke jagorantar aikin, ana kiransa Blimp1. Babban aikin furotin ɗinsa hani ne. A daidai lokacin da maƙwabta ke buɗe saƙonnin da za su mai da su jini da tsoka da ƙashi, Blimp1 yana danne waɗannan saƙonni a cikin ƙwayoyin iri. Idan aka cire shi, 'yan ƙwayoyin sukan taru kamar za su fara, sai saƙonnin jiki su buɗe a cikinsu, tafiyar ta tsaya nan. Yana aiki ne tare da wasu biyu, Prdm14 da Tfap2c. Bayan hanin sai hijira: ƙwayoyin su bi ta bangon hanjin da ke kan ginuwa, suna tafe suna ninkuwa, har su isa inda maraina ko ma'ajiyar ƙwai za su tsiro, wajen kwana na goma. A kan hanya da kuma bayan isa sai a yi sharar da babu irinta a rayuwar wata ƙwaya. Akwai ƙananan alamomi na sinadari da ake liƙa wa DNA domin a riƙe saƙo a rufe. A ƙwayoyin tayi na farko kusan kashi 70 cikin 100 na guraben da ake liƙa su a cike suke, amma zuwa kwana na 13 sun sauko wajen kashi 10 a ƙwayoyin iri. Har alamomin da ke nuna wannan saƙo daga uwa ya zo, wancan daga uba, su ma ana goge su, sannan a sa sababbi daidai da jinsin mai jikin. Wannan shara tana cikin manyan dalilan da suka sa jariri ke farawa sabo.

Ana nan sai wata alaƙa ta fito fili. Tayi mai kwana uku zuwa huɗu a ɓera, ko biyar zuwa shida a mutum, yana da wani ɗan curin ƙwayoyi a cikinsa waɗanda kowace za ta iya zama kowane sashe na jiki. A 1981 Martin Evans da Matthew Kaufman a Ingila, da Gail Martin a Amurka, suka yi nasarar raya irin waɗannan ƙwayoyi na ɓera a faranti, suna ta ninkuwa ba tare da sun ɗauki sana'a ba. James Thomson ya yi haka da na mutum a 1998. Su ake kira ƙwayoyin tushe. Abin da ke riƙe su a wannan hali na iya zama komai wasu saƙonni ne ƙalilan da ke buɗe juna, manyansu Oct4 da Sox2 da Nanog. Ma'aunin ma da tsauri yake: a 2000 aka nuna cewa idan furotin ɗin Oct4 ya ƙaru da rabi ƙwayar ta kama hanya guda, idan ya ragu sosai ta koma ƙwayar mabiyiya. Yayin da tayi ke girma, sassan jiki ɗaya bayan ɗaya suna rufe Oct4, har ya zama babu inda ya saura a buɗe sai a cikin ƙwayoyin iri. Idan aka rufe shi a nan, sai su mutu. Ƙwayoyin da ba su da Nanog kuwa sukan isa masauki amma su kasa nuna. Ke nan makaman da ke ba ƙwayar tushe ikon zama komai su ne dai aka damƙa wa ƙwayar iri ajiya, tare da sharaɗin kada ta yi amfani da su sai bayan ƙwai da maniyyi sun haɗu.

Ana gane ƙarfin sharaɗi ne ranar da aka karya shi. Likitocin mata sun daɗe da sanin wani irin ƙari da ke fitowa a ma'ajiyar ƙwai, wanda idan aka tsaga shi bayan tiyata sai a tarar da curin gashi cikin maiƙo, wani lokaci har da haƙori sosai da guntun ƙashi. Sunansa teratoma. A 1954 Leroy Stevens, a wata cibiyar kiwon ɓerayen bincike da ke jihar Maine ta Amurka, ya lura cewa a wani dangin ɓeraye mai lamba 129, kusan ɗaya cikin kowane namiji 100 yana samun irin wannan ƙari a maraina, cike da fata da tsoka da guringuntsi da jijiya a cakuɗe. Ya shafe shekaru yana bin sawun abin a baya, har ya kai ga tushensa: ƙwayoyin iri na tayi ne da suka kuɓuce wa tsaro, suka fara gina jiki ba tsari ba lokaci. A 1992 ɗakunan bincike biyu a Amurka suka yi wannan kuɓucewa da gangan. Suka ɗebo ƙwayoyin iri na tayin ɓera, suka zuba musu sinadarai uku, cikin 'yan kwanaki suka rikiɗe suka zama kamar ƙwayoyin tushe. Tsakanin iri da tushe taki ɗaya ne.

Idan keɓewa ce kawai ta raba iri da jiki, to ya kamata a iya dawo da ƙwayar jiki baya. Nan ne hujjar za ta tsaya ko ta faɗi, kuma an gwada. A 1962 John Gurdon ya ɗauko cibiyar ƙwayar hanjin talibambam, wato inda DNA ɗinta yake, ya sa a cikin ƙwan kwaɗo da aka kashe wa tasa cibiyar, sai ga sabon talibambam yana iyo. A 1996 aka haifi tunkiyar nan Dolly a Sikotland daga ƙwayar hantsar wata tunkiya, bayan gwaji 277. Sai 2006, lokacin da Shinya Yamanaka da Kazutoshi Takahashi a Jami'ar Kiyoto suka zaɓi saƙonni 24 da suke zargi, suka yi ta cire ɗaya-ɗaya har suka rage huɗu: Oct4, Sox2, Klf4 da c-Myc. Da waɗannan huɗu kaɗai ƙwayar fatar ɓera ta koma ƙwayar tushe, ba tare da an nemi ƙwai ba. Shekara guda bayan haka aka yi da fatar mutum, a 2012 kuma Gurdon da Yamanaka suka raba kyautar Nobel. Saura taki na ƙarshe. A 2011 Katsuhiko Hayashi da Saitou suka zuba wa ƙwayoyin tushe BMP4 ɗin nan dai, suka sami ƙwayoyin iri na farko-farko, suka dasa su a marainan ɓeraye marasa haihuwa, aka sami maniyyi da 'ya'ya lafiyayyu. A 2016 Hayashi ya kammala zagayen gaba ɗaya a faranti har zuwa nunannen ƙwai, wasu daga cikin ƙwayoyin da ya fara da su kuwa daga bakin wutsiyar ɓera aka yanko su. Gaɓar da Weismann ya yi ta datsewa yana zubarwa don ya nuna ba ta da hannu a gado, daga cikinta aka fitar da 'ya'ya.

Mai ja da wannan magana yana da abin faɗa, kuma na farko daga ƙuda zai fara. A ɗan ƙaramin ƙudan nan na 'ya'yan itace, uwa ce ke tara wani abu na musamman a ƙarshen ƙwai tun kafin a haɗu da maniyyi, kuma duk ƙwayar da ta gaji wannan abu ita ce iri. A 1974 aka tsotso shi aka zuba a gaban wani ƙwan, sai ƙwayoyin iri suka fito a inda kai ya kamata ya fito. A 1992 Anne Ephrussi da Ruth Lehmann suka nuna cewa saƙo guda mai suna oskar ya isa ya yi wannan aiki. Shin wannan ba shi ne abin gadon Weismann ba? Amsa ita ce a duba me abin yake yi idan ya shiga ƙwaya. Cikin manyan ayyukansa akwai dakatar da karanta saƙonni na ɗan lokaci, daidai sa'ar da maƙwabta ke karɓar umarnin zama kai ko ƙirji ko ciki. Ƙuda da kwaɗo suna yin keɓewar da guzurin da uwa ta bari, ɓera da mutum suna yi da kiran maƙwabta. Hanya ce biyu, masauki ɗaya, kuma a duka biyun DNA ɗin ƙwayar iri bai fi na 'yan'uwanta da ko harafi ba.

Ja na biyu ya fi nauyi. Idan da gaske bambancin na buɗewa da rufewa ne kawai, me ya sa nasarar take ƙanƙanuwa haka? A gwajin farko na Yamanaka ƙwayoyin da suka juya ba su kai ɗaya cikin 100 ba. A aikin 2016, cikin tayi 316 da aka dasa, 11 ne suka zo duniya. A 2023, da Hayashi ya samar da ƙwai daga ƙwayoyin ɓera namiji, bakwai aka haifa cikin 630. Wani ɓangare na amsar shi ne faranti ba ya kai jiki iya shara: alamomi kan saura inda ya kamata a goge, ko a goge inda ya kamata su zauna, rabon zaren gado kuma ya karkace. Wannan ana iya gyara shi da ƙwarewa. Ɗaya ɓangaren kuwa ba ya gyaruwa da sauƙi, kuma dole a amsa shi da gaskiya. Duk lokacin da ƙwaya ta rabu, ko rana ta doke ta, ko hayaƙi ya ratsa ta, kuskure kan shiga rubutun DNA ɗin kansa. Ƙwayar fatar babban mutum tana iya tara dubban irin waɗannan. Ƙwayoyin iri kuwa su ne mafi ƙarancin tara kuskure cikin duk waɗanda aka auna a jiki, har jariri yakan zo da sababbin canje-canje kusan 60 zuwa 70 ne kacal waɗanda babu su a jikin iyayensa. Saƙonni huɗu na Yamanaka suna buɗe abin da aka rufe, amma ba sa gyara harafin da ya lalace. Wannan bai rushe hujjarmu ba, ya dai nuna cewa tsaron ba na rana ɗaya ba ne, aiki ne na tsawon rai, kuma shi ne ainihin abin da ƙwayar fata ta rasa.

Ja na uku shi ne ɓera ba mutum ba ne, kuma gaskiya ne. A 2015 ɗakin Surani, tare da na Jacob Hanna, ya gano cewa a mutum wani saƙo ne daban, SOX17, ke buɗe ƙofa, Blimp1 yana biye da shi, alhali a ɓera SOX17 ba shi da wannan matsayi. Lokaci ma ya sha bamban. Abin da ɓera ke gamawa cikin kwanaki, mutum watanni yake ɗauka: ƙwayoyin irinsa suna isa masauki wajen mako na biyar zuwa na shida, a 'ya mace kuma suna ninkuwa har kusan miliyan 7 a wata na biyar na ciki, su ragu zuwa miliyan 1 ko 2 ranar haihuwa, cikinsu kuwa 400 zuwa 500 ne kawai za su nuna a tsawon rayuwarta. A 2018 ɗakin Saitou ya kai ƙwayoyin jinin mutum zuwa matakin farko na zama ƙwai, bayan wata huɗu ana renonsu cikin ƙwayoyin ma'ajiyar ƙwan ɓera, kuma daga nan zuwa nunannen ƙwai akwai sauran tafiya. Sai dai sunayen masu gadi ne suka canja. Kiran BMP, danne saƙonnin jiki, riƙe Oct4 da Nanog a buɗe, da babbar shara, duk an same su a mutum.

Wannan fahimta tana da amfani a aikace, musamman a Najeriya, ƙasar da ta fi kowace yawan masu sikila, inda ake ƙiyasta haihuwar jarirai kusan 150,000 da ciwon duk shekara. A ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka suka amince da maganin Casgevy, wanda ake ɗebo ƙwayoyin tushe na jinin majinyaci, a gyara wani wuri a DNA ɗinsu domin su koma yin irin jinin da tayi ke yi, sannan a mayar masa. Kuɗin da aka sa masa a Amurka a 2023 dala miliyan 2.2 ne. Wanda ya samu sauƙi ta wannan hanya, ko ta dashen ɓargo, rubutun gadon ƙwayoyin irinsa na nan yadda yake, domin an keɓe su tun yana ɗan makonni a ciki, gyaran bai isa gare su ba. Zai iya rabuwa da ciwon ƙashi da yawan ƙarin jini, amma zai miƙa wa kowane ɗansa saƙon S na sikila, don haka gwajin jini kafin aure bai faɗi a kansa ba. A cikin jiki shingen Weismann yana nan daram. A faranti kawai aka tsallake shi.

Shi ya sa bai kamata a haɗa ayyukan nan biyu a ma'auni ɗaya ba. Gyaran ƙwayar jiki yana ƙarewa a kan mutum ɗaya wanda ya ji bayani ya amince, idan an yi kuskure kuma da shi za a binne kuskuren. Taɓa ƙwayar iri kuwa yana hawa kan wanda ba a haifa ba, da jikokinsa. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta haramta kwafar ɗan Adam a zamanta na Jidda a 1997, kotun China kuma ta ɗaure He Jiankui shekara uku a 2019 bayan ya gyara DNA ɗin tayin da aka haifa tagwaye. Binciken kansa ya cancanci a ci gaba da shi, domin da shi ake gane dalilan rashin haihuwa da tushen ƙarin maraina, da shi kuma ake ƙoƙarin ceto farar karkandar arewa, wadda mata biyu kaɗai suka rage a Kenya. Amma duk wanda zai ce a haifi ɗan mutum daga ƙwayar fata, nauyin hujja yana wuyansa: sai ya nuna cewa sharar ta kammala, alamomin uwa da na uba sun zauna daidai, kuma ƙwayar da ya fara da ita ba ta ɗauko ɓarnar shekaru ba. Nasarar 11 cikin 316 ta isa ta kafa hujja a ilimi, amma ba ta kai a gwada ta a kan ɗan kowa ba.